Ambulan Ɗin da Ƙanena Ya Bari a Asusunmu

Mu bakwai muka kafa asusun nan, a ƙarƙashin itacen bedin da ke gaban birgadin Madarunfa, wato ofishin jandarma, kuma gwangwanin madara ne baitulmalinmu na farko. Duk ƙarshen wata kowane jandarma ya jefa jika guda, sefa dubu ke nan. Abin da ya tunzura mu, wani abokin aikinmu ya rasu, muka tara wa iyalinsa gudummawa, sai ga wani kawunsa da ko gaisuwar ciwo bai taɓa zuwa ba ya naɗe kuɗin a aljihun babbar riga ya hau mota. Matar ta koma gidan iyayenta da tabarma da 'ya'ya uku. Raina ya ɓaci, ni kuwa idan raina ya ɓaci har kumandan kauce mini yake yi.

Ni na kawo dokar. Ajiyar mamaci ta shiga gado, yadda addini ya ce. Amma gudummawar da 'yan asusu za su tara, wadda ta fi ajiyar yawa nesa ba kusa ba, kowa ya rubuta sunan wanda za a ba, ya liƙe a ambulan. Ba a buɗewa sai bayan sadakar bakwai, gaban shaidu biyu, kuma babu mai canza abin da aka tarar. Sau biyu dangin mamata suna zuwa da kuka da liman, na ce ko sama da ƙasa za su haɗe.

Asusun ya girma a kan idona. 'Yan sanda suka shigo, sai 'yan kwana-kwana, sai masu tsaron daji. Aka bar gwangwani aka sayi akwatin ƙarfe, yau ga biro, ofis mai ɗaki biyu, da sakatariya da na'ura. Ana ba da rancen fili, da na biki, da na hatsi lokacin kaka. Ambulan ɗin ne kaɗai bai canza ba.

Bara da kaka ƙanena ya rasu, zazzaɓin kwana huɗu. Ni na sa shi aikin jandarma, ni na sa shi asusun. Ya bar mata da yara huɗu da gini rabi babu rufi, ga gidan hayar da suke ciki mai shi yana son abinsa kafin damina. Na ce wa matar ta kwantar da hankalinta, gudummawa za ta rufa ginin.

Bayan sadakar bakwai, gaban shaidu biyu, sakatariyar ta yage ambulan ɗinsa, ta karanta, ta ɗago ta dube ni.

"Baba, ku zauna tukuna."

"Mi ya hwaru? Karanta mana!"

Ta miƙo mini. Sunan wata tsohuwa ne a wani ƙauyen Gabi, ban taɓa jin ta ba. Tare da shi akwai katin ɗan ƙasa na wani saurayi, gefensa a ƙone, da layi huɗu da hannun ƙanena. Ya ce shekara tara da suka wuce shi ya bi yaron nan da gudu a hanyar Ɗan Issa, yaron na ɗauke da jarkokin esansi, fetur na fasa-ƙwauri, a kan babur. Yaron ya faɗi, wuta ta kama. An binne shi a matsayin wanda ba a san ko wane ne ba, alhali katin na aljihun ƙanena. Tsohuwar uwarsa ce.

Innalillahi. Na jawo kujera na zauna. Shekara tara muna cin tuwo a kwano ɗaya da mutumin nan, ban ga komai a fuskarsa ba. Shaidun biyu suka zuba mini ido, sun san wanda ya kafa dokar.

Na tafi Gabi da kuɗin da niyya biyu: in gaya mata gaskiya, sannan in roƙe ta ta bar wa marayu rabi. Na same ta tana ɓare gujiya, idonta ɗaya ya mutu. Tun ban gama gaisuwa ba ta ga ambulan a hannuna, fuskarta ta washe.

"Yarona ya aiko ka daga Nijeriya ko? Kowace kaka shina aiko min da buhun hatsi biyu, mai amalanke ka kawowa. Bana ne na ji shiru."

Sai a lokacin na gane rancen hatsin da ƙanena ke ɗauka duk shekara, wanda nake yi masa tsiya a kai, ina cewa gidansa akwai gara.

Ni da na yi shekara talatin ina yi wa mutane tambayoyi, na kasa gaya mata gaskiyar, balle in roƙi rabin. Na ajiye mata kuɗin duka a kan zanenta. Ko ƙirgawa ba ta yi ba, ta kamo hannuna.

"Ɗana, in ka koma ka ce mishi saƙo ya isa hakanan. Na tsuhwa. Shi taho in gane shi."

Na ce mata to.