Jinin da Yaya Haruna ya kira tsargiya

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Malam Haruna, amma har yau in na bi hanyar Daudawa da damina, sai in riƙa waiwaye kamar zan hango shi da fartanya a kafaɗa.

Ni na fara gani. Muna noma a gonarmu ta gado, ya zaga bayan kuka ya tsuguna, da na bi ta wurin sai na tarar ƙasar ta yi ja. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce, "Tsargiya ce, Audu. Muna yara wa bai yi ta ba a gulbi? Ko zafi babu." Yaya ne, kuma ƙane ba ya ja da babba a kan maganar fitsari. Ya sha ƙwayoyin kemis, jinin ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Duk sanda ya ɗauke sai mu ce an samu lafiya.

Sai bayan damina biyu, da ya rame har riga ta yi masa yawa, muka kai shi Funtuwa, aka tura mu Zariya. Aka gwada fitsari, aka ɗauki hoto, aka leƙa mafitsara da na'ura. Likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Ya ce jini a fitsarin babba, ko sau ɗaya ne, ko babu ciwo, abin bincike ne, kuma tsargiyar da ta daɗe ma tana iya jawo cutar. A mota Yaya ya dafa gwiwata ya ce, "Kada ka ɗora wa kanka. Ni na hana ka magana."

Da Yaya zai leƙo yau, zai yi baƙin cikin ganin gonar ta zama saura, don tsoron 'yan bindiga ya hana mu shiga daji. Amma zai ga Hauwa, ɗiyarsa ta fari, sanye da farin kaya a ƙaramin asibitin garinmu. Kwanan baya na kai mata saƙo, na ji tana tambayar wani dattijo, "Baba, ka gafarce ni, ka taɓa ganin jini a fitsarinka?" Tsayuwar Yaya gare ta sak, har yadda take karkata kai in tana jiran amsa. Dattijon ya ce, "Wata uku ke nan." Ta rubuta masa takardar gwaji.

Da zai fita, ya dube ni ya ce, "Ɗiyar wa ce wagga?"

Na ce, "Ɗiyar yayana ce, Malam Haruna."

Allah Ya jiƙanka, Yaya.