Rokar da Ta Ƙi Cire Hula

Duk wanda ya taɓa zuwa harba roka a gonar Dougie Farrow, can yamma da garin Dalby, an nuna masa ramin Nev. Ba wani rami ba ne, zurfinsa bai wuce kamu ɗaya ba, amma Dougie ya kafa masa ƙarfe ya hana tarakta bi ta kai. Nan rokar da ta fi kowacce kyau a ƙungiyarmu ta masu harba ƙananan rokoki don nishaɗi ta dawo daga sama da ka.

Nev Tolhurst shekara arba'in da ɗaya ya yi yana fentin mota. Da ya ajiye aiki sai hannu ya ƙi zama. Ya fente firij, ya fente kwandon shara, ya tsallaka ya fente akwatin wasiƙun maƙwabci ba a sa shi ba. Ranar da ya fara yi wa tukwane wani irin kallo, matarsa Glenys ta sako shi a mota ta kawo mana. Ta ce, "Ku ba shi abin da zai fesa, don Allah. Ni dai ya bar min kicin."

Mu namu mai sauƙi ne: gwangwanin fenti, fesa biyu, a shanya a igiya, a harba. Nev ya dubi rokokinmu ya kau da kai, kamar ya ga abin kunya. Shi bindigar feshi uku gare shi, kowacce da ƙusarta a bango. Sai ya yayyafa wa ƙasan gareji ruwa saboda ƙura. Da tsohuwar safar Glenys yake tace fenti. In akwai danshi a iska, ko injin kwamfaresa na feshi ba ya kunnawa.

Duk shekara muna ba da kofin kyan fenti, da sharaɗi ɗaya: sai roka ta tashi ta dawo lafiya. Nev ya ƙwallafa rai. Motocin da ya fente sun sha cin kofi, amma masu motar ke ɗagawa. Wannan karon sunansa yake so ya gani a jiki, Glenys ma har ta share masa wuri a kan kanta.

Wata bakwai ya yi a kan roka ɗaya, ja jawur, shafi tara, tsakanin kowane shafi sai ya bi da samfefa. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: layin da ke tsakanin hular roka da jikinta. To, wannan layin shi ne ran roka. In ta kai ƙololuwa, ɗan albarushi ne ke ture hular, laima ta fito ta buɗe, roka ta sauko a hankali. Amma mai fentin mota ba ya ganin tsaga ya wuce. Nev ya cike ta, ya goge, ya fesa.

Ranar harbi Dougie ne mai duba rokoki, kuma shi ke gasa mana naman sosej. Ya miƙo hannu, Nev ya ja baya.

"Da wannan maiƙon? Duba da ido, mutumina."

"Kai, dattijo! Wannan ai har haƙorana nake gani a jiki," in ji Dougie. Ya sa hannu a takarda.

Ta tashi tsaf, tana walƙiya. Muka ɗaga kai muna jiran laima. Shiru. Sai wani fito mai ƙaruwa, kowa ya yar da burodinsa ya nemi bayan mota. Nev kaɗai bai motsa ba. Ya je ya tono ta da hannu, ya zaro hankici yana share mata ƙasa. Glenys ta bi shi da shayi.

Shekarar da ta biyo ya ci kofin, da hula daban, jiki daban. Yanzu rabin rokokinmu daga garejinsa suke fitowa, yana yi yana mita. Amma tsiya ba ta ƙare ba. Ko a watan jiya, Nev na ɗora roka a wurin harbi, Dougie ya ƙwala masa kira: "Nev, wannan tana cire hula, ko in kawo shebur?"

Nev bai ko waiwayo ba.

"Waccan da ta yi ramin, kwalin jikinta ya lanƙwashe, katakonta ya farfashe, na yarda. Amma tana nan a gareji, Dougie. Zo ka nuna min inda fentin ya ɓare."