Ranar da Na Daina Cewa Ba Gajiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku gafarce ni, zan ɗan ɗauki lokacinku, na kuma san kowa da abin da ke gabansa. Wata bakwai ke nan ban ce komai a nan ba, wasunku sun yi ta aiko saƙo ban amsa ba. Ba wulaƙanci ba ne. Jinya na yi.

Waɗanda suka san ni sun san na shekara goma sha uku a gidan Malam ban haihu ba. Sai Allah ya ba ni Ummi. Ba ta cika shekara uku ba ya ƙaro min tagwaye, Hassana da Husaina, ina da arba'in da ɗaya a duniya.

Innata ta zo Gaya daga Toranke don ta yi min wankan jego. Safe da yamma ruwan zafi da ganyen darbejiya, sannan kunun kanwa mai kauri cike da kwanon sha. Haka aka yi mata, haka ta yi wa ƙannena duka.

Sati uku da haihuwa ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Daga bakin randa zuwa kicin sai na tsaya na huta. In na kwanta numfashi ya ƙi, sai na tashi na jingina da bango. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni. Ta ƙara itace a murhu, ta ƙara kanwa a kunu.

Ga inda nawa laifin yake. Duk wadda ta shigo ta ce, "Maman biyu, ina gajiya?" sai na ce, "Ba gajiya." Ba don haka ake amsawa kaɗai ba. Ni a raina, wadda ta daɗe tana roƙon Allah 'ya'ya, in ta buɗe baki ta ce ta gaji, ta yi butulci. Ko Malam ban faɗa wa ba.

Bayan arba'in na koma sallah. Ranar a sallar azahar na yi sujada na kasa ɗagowa. Ina jin Ummi tana cewa, "Inna, Mama ta ƙi tashi."

A adaidaita aka kai ni asibiti nan Gaya. Suka auna ni, suka sa min iskar numfashi, suka ce mu wuce Kano. Can aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji da na zuciya. Sai da Malam ya fitar da gyaɗar da ya ajiye don iri ya sayar.

Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta ce zuciyata ce ta yi rauni bayan haihuwa, ruwa ya taru a huhu, kanwa da zafin wankan kuma suka ƙara mata nauyi. Ta ce, "Hajiya, tun yaushe kike jin haka?"

Na ce, "Ya kai sati uku."

"Me ya hana ki magana?"

Na faɗa mata gaskiya, kaina a ƙasa. Ta ajiye biro ta ce, "Wanda ya ba ki yaran ai shi ya ba ki jikin da za ki rene su. Shi ma amana ne."

Kwana goma sha ɗaya na yi a gado. Allurar fitar da ruwa, awon nauyi kowace safiya, abinci lami. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Rana ta biyu na ce wa Malam, in ta Allah ta kasance, kada a raba tagwayen.

Inna kuwa kuka take yi. "Da hannuna na dama miki." Na ce, "Inna, abin da kika sani kika yi." Yanzu ita ce mai gadin tukunya. Ko Malam ya nemi ƙarin gishiri sai ta ce ya je gidan maƙwabta ya ci.

Abin da ya fi min wuya shi ne hanin goyo. Wata biyar ina zaune ina kallon yarana a bayan wasu. Zanin goyon da a da nake Allah-Allah na kwance shi, sai ga ni ina linke shi ina shanshanawa.

Makon jiya likita ta ce zuciyar ta samu sauƙi sosai, na ci gaba da magani. Ta ce, "Ki goya, amma ɗaya, ba biyu ba."

Muna dawowa na goya Husaina. Ta yi min tumbuɗi a wuya, ta cisge min ɗankwali, Hassana na tsala kuka ita ma a ɗauke ta, Ummi ta kifar da gero a tsakar gida. Kafin la'asar bayana ya riƙe. Malam ya shigo ya ce, "Ina gajiya?"

Na ce, "Akwai ta, Malam. Alhamdulillahi."

Ya yi dariya, ya miƙo hannu ya karɓi yarinyar.

Na gode wa Allah, na gode wa duk wanda ya yi min addu'a ko ya riƙe min yaro. 'Yan uwana mata, in mai jego ta kumbura, ko numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, kada a ƙara wuta, a kai ta asibiti. In kuma ta ce ba gajiya, a dubi ƙafarta.

Don Allah wadda ta karanta ta amsa min da wuri, ko da "na gani" ne. In akwai mai jego a gidanku, ki faɗa min yadda take.