Malam Ɗanasabe, Bakaniken da Kotu ta Gwada da Ƙarafa Uku

Hantsi bai taɓa riskar Malam Ɗanasabe a gida ba. Da ya idar da asuba sai ya hau kekensa ya nufi garejinsa na bayan tashar Kawo, ya ɗaura tsohon wandon aikinsa, ya zuba kananzir a kwano. Duk ƙarfen da aka ciro daga mota sai ya wanke shi tas, ya kai shi rana, ya bi bakinsa da babban yatsa kafin ya ce uffan. Direbobi na ƙorafin yana da nawa. To, yana da nawar. Amma a ƙarshen watan nan zai ajiye sifana bayan shekara talatin da huɗu, ni kuwa ba zan bari ya tafi shiru ba.

Ni tafinta ne a wata kotu a nan Kaduna, a can na san shi, cikin 1974. An gurfanar da wani direban babbar mota, Bawa, mai 'ya'ya biyar. Ya ɗauko albasa zuwa Babbar Kasuwa, kusa da Katabu motar ta ƙwace masa, ta take wani mai keke, ya rasu. Masu ƙara suka ce gudu da ganganci ne. Bawa ya rantse sitiyari ne ya sake a hannunsa. Idan kotu ba ta yarda da shi ba, gidan yari ne na shekaru.

Ka'idar kotu ita ce shaida ya faɗi abin da ya gani ko ya ji, ba ra'ayinsa ba. Gwani kaɗai ake bari ya ce, "A ganina ga abin da ya faru," shi ma sai alƙali ya gamsu cewa ya san fannin, kuma ya duba abin da yake magana a kai. Masu ƙara suka kawo wani injiniya mai takardun Ingila. Ya ce ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba ya karye ne bayan motar ta daki wani kwalbati a gefen hanya. Alƙali ya tambaye shi ko ya riƙe ƙarfen da hannunsa. Ya ce hotuna ya gani. Alƙali ya rubuta, bai ɗago kai ba.

Sai lauyan Bawa ya kira Malam Ɗanasabe. Lauyan gwamnati ya miƙe zumbur. Wace makaranta ya yi? Ina takardarsa? Na juya masa tambayar da Hausa, wallahi ina jin kunya a madadinsa. Shi ko gezau.

"Ranka ya daɗe, ba ni da takarda," in ji shi. "Shekara talatin ina ƙarƙashin mota, ita ce makarantar."

Dariya ta tashi a bayan kotu, har da masu kwat. Alƙali ya buga tebur. Ya ce doka ba ta ce gwani sai mai takarda ba, amma daɗewa a sana'a ma ba hujja ba ce, don haka zai gwada shi. Ya ɗage zama zuwa Litinin, ya sa aka samo karyayyun ƙarafa uku daga wani gareji da aka san yadda kowanne ya karye.

Ran Litinin Malam Ɗanasabe ya iso da kwanon kananzir ɗinsa, masinjan kotu na hararar sa. Ya wanke na farko, ya kai shi bakin taga, ya ce duka ne ya karya shi lokaci ɗaya, ga bakinsa fari fat. Na biyu ya ce tsohuwar tsaga ce ta yi ta ci a hankali, ga tsatsa har ciki. Na uku ya juya shi ya sake juyawa. Sannan ya ajiye shi, ya dubi alƙali.

"Wannan ban sani ba, ranka ya daɗe. An bi bakinsa da magagari, abin da zan duba ya tafi."

Da nake juya maganar da Turanci, na ce a raina shi ke nan, an kayar da Bawa. Ashe alƙali ne da kansa ya sa aka goge ƙarfen, don ya ga ko tsohon zai yi shaci-faɗi. Ya ce mutumin da ya san inda saninsa ya tsaya, kotu za ta saurare shi.

Sannan aka miƙa wa Malam Ɗanasabe ƙarfen motar Bawa. Ya nuna tsohuwar walda da aka lulluɓe da baƙin fenti, da tsatsar da ta ci fiye da rabin kaurinsa. Ya ce ƙarfen ya gama mutuwa tun kafin motar ta bar tasha, kuma direba ba zai gane haka da ido ba. Da aka tambaye shi gudun da motar take yi, ya ce ba ya wurin, ƙarfe kuma bai gaya masa ba. An sallami Bawa.

Malam Ɗanasabe, kai ne ka koya mini nauyin kalmar "ban sani ba". Na yi tafinta wa likitoci da masu awon ƙasa da yawa, kaɗan ne na ji ta fito daga bakinsu. Gwani mai tsoron Allah, mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma masu sana'a da kotu za ta kira gobe, da takarda ko babu, ku riƙe abin da ya faru a bakin ƙofar kotu ran da aka sallami Bawa. Bawa ya durƙusa yana kuka, ya kama ƙafar Malam Ɗanasabe yana cewa, "Baba, ka ceci 'ya'yana." Tsohon ya ɗaga shi, ya ce, "Tashi, Bawa, kada ka gode mini. Da ƙarfen nan ya nuna laifinka ne, da haka zan faɗa, kana kallona."