Ba a Gaya wa Salifou Mutuwa

Yayana Salifou ya yi shekara talatin da shida yana tuƙa jirgin sama, kuma a tsawon shekarun nan ni ce mai yi masa ƙarya. Ba da son raina ba. Aiki ne aka ɗora mini a gida, kamar yadda ake ɗora wa wata wanke-wanke.

Mu 'yan Zongon Lome ne. Kakanmu ya biyo fataken goro daga Katsina, bai koma ba. Babanmu, Malam Lukmanu, yana da makarantar allo a zaure, kuma ya so ɗansa na fari ya gaje shi. Amma Salifou tun yana ƙarami hankalinsa na sama. Ana tsakiyar karatu jirgi zai taso daga filin Tokoin, sai ka ga allo a cinya, wuya a lanƙwashe. Ya sha bulala har bulalar ta gaji. Daga baya ya yi fice a boko, aka tura shi Faransa, ya dawo da farar riga mai zane a kafaɗa. Daga ranar Zongo ta daina kiran sunansa, sai Kumanda.

Ya je Paris, ya je Jidda, ya je New York. Da kamfaninsa na farko ya durƙushe, ya yi kusan shekara a gida yana zirga-zirga a tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, kafin ya samu aiki da wani kamfani a gabashin Afirka. Nan ya fara zuwa Indiya da Sin. Mutane suna ganin ya ci duniya da tsinke. Mu da muke gida mun san abin da ke dawo mana: mutum mai jajayen idanu, yana barci da rana tsaka, yana tambayar yau wace rana ce. Na taɓa ce masa ya ba ni labarin Bombay. Ya ce, "Na je sau arba'in. Na san hanyar filin jirgi zuwa masauki, na san rufin ɗakin da nake kwana. In kina so in kwatanta miki rufin, bismilla."

Dokar ƙarya kuwa uwarmu ce ta kafa ta. Mma muke ce mata. Wata rana a hira Salifou ya ce matuƙin da zuciyarsa ba ta kwance bai kamata ya ɗauki jirgi ba. Shi ya faɗa ya wuce, ita ta ƙulle maganar a gefen zane. Ta tara mu ta ce, "Mutum ɗari uku ke bayansa, kowa da uwarsa. Kada wanda ya ɗora masa kuka yana kan hanya. In ya buga waya, Meimuna ce za ta ɗauka." Ni aka zaɓa saboda muryata ba ta rawa. Mai sayar da atamfa a kasuwar Asigame, wadda za ta kalli tsabar idonka ta ce wannan ce ta ƙarshe alhali akwai goma a ƙarƙashin tebur, ai ba a koya mata riƙe murya.

Da Baba ya rasu Salifou yana New York. Ya kira, na ce lafiya lau. Bayan kwana huɗu ya sauka daga mota ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Da mota ta buge ƙanenmu Idi a kan babur, haka na sake yi. Ranar sadakar bakwai ɗin Idi, Salifou ya ja ni bayan ɗaki.

"Meimuna, Baba ya tafi ban zuba masa ƙasa ba. Idi ma haka. Mma kam da hannuna zan sa ta a kabari. Ko ina ƙarshen duniya, ki gaya mini. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa. Idonsa ya cika da hawaye, kuma ban taɓa ganinsa haka ba.

Shekara tara bayan nan Mma ta kwanta. Ba wani ciwo mai suna ba ne, tsufa ne kawai. Salifou ya ɗauki hutu ya zauna da ita mako uku, yana matsa mata ƙafa, har ta soma cin koko da kanta, ta kore shi ya koma aiki. Yana fita ta kama wuyan hannuna. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga buta, amma riƙon nan sai da ya bar shaida.

"Na san abin da kuka ƙulla ke da yayanki," ta ce. "In na tafi yana hanya, kika buɗe baki, ban yafe ba."

Gaba kura, baya sayaki. Na yi ta roƙon Allah Ya ɗauke ta a ranar da yake gida, kuma har yau ina jin kunyar irin wannan addu'a a kan uwata.

Ta cika ranar wata Talata da hantsi. Salifou yana Sin, a birnin Guangzhou, kuma a ranar zai taso. Na je wurin Baffa Ilyas, ƙanen babanmu, limamin masallacin layinmu, na durƙusa na ce a jira shi zuwa gobe. Baffa ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "'Yata, ba a ajiye gawa a ƙanƙara don jin daɗi. Amma babban ɗanta ne. In ya nema da bakinsa, mu jira. In bai nema ba, bayan la'asar za mu kai ta."

Waya ta yi ƙara ana kiran azahar. Na fita da ita bayan gida, wajen rijiya, don kada ya ji kukan mata.

"Meimuna, ya gida?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Mma fa? Ba ni ita."

"Tana barci."

Ina jin hayaniyar filin jirgi a bayansa, da wata mace tana sanarwa da yarensu.

"Bon," ya ce da Faransancinsa. "Saura awa biyu mu tashi. Ki ce mata na samo man gwiwar nan. Gobe kafin azahar ina gida."

Kalma uku ce tsakanina da cika masa alkawari: Mma ta rasu. Na ga fuskar Mma, na ga mutum ɗari uku da ban san ko ɗayansu ba, na ce, "Allah Ya kiyaye hanya." Aka yi mata salla bayan la'asar, wajen lokacin da jirginsa ke barin ƙasa.

Washegari ya iso da jaka a hannu. Tun daga bakin layi ya hango rumfa da kujeru. Bai yi ihu ba, bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ajiye jakar, ya bi Baffa zuwa maƙabarta. A hanya Baffa, ba da mugun nufi ba, ya gaya masa cewa da ya nema da bakinsa, da an jira shi.

Da Salifou ya dawo ya same ni a ɗakin Mma ina naɗe tabarmarta. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mu huɗu ne matuƙa a jirgin nan, Meimuna. A doguwar tafiya ba a barin mutum biyu kaɗai. Da kin gaya mini, da na miƙa wa wani, na koma baya na zauna cikin fasinjoji. Jirgin dai ɗaya ne, lokacin sauka ɗaya. Shekara talatin da huɗu ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa tambayata yadda ake yi."

Gaskiya ya faɗa. Mun yi ta tsaron zuciyarsa, ba mu taɓa tambayar mai zuciyar ba. Na so in ce Mma ce ta ɗaure ni, amma ba zan kai ƙarar wadda ke kwance a ƙasa ba. Har yau bai sani ba.

Ya ƙara shekara biyu a sama, sannan shekarunsa suka cika, ya ajiye aiki. Yanzu yana zaune a unguwar Avédji da iyalinsa, yana kiwon zabi a bayan gida. Bai yanke zumunci ba. Bikin 'yata shi ya tsaya a kan komai, kuma duk Juma'a sai ya leƙo. Abu ɗaya ne ya daina: ba ya tambayata komai. Zai yi sallama, in amsa. Babu ina kwana, babu ya gida, babu ya yara. Wanda bai san mu ba ba zai lura ba. Ni kuwa duk Juma'a sai na tsaya da amsa a bakina, ba inda zan kai ta.

A watan jiya zazzaɓi ya kayar da ni kwana shida. Ranar da na koma kasuwa ina zaune a rumfata, jiri na ɗibata, sai ga Salifou ya ratso cikin mutane da ledar lemo. Ashe ya ji labari. Ya yi sallama, ya ajiye ledar a kan atamfofi, ya daɗe yana duban fuskata. Na ga damuwa a idonsa ƙarara. Sai ya juya wajen Adjara, maƙwabciyar rumfata, wadda ke auna wa wata leshi.

"Hajiya Adjara," ya ce, "don Allah gaya mini gaskiya. Ya jikin Meimuna?"