Daro a Wuyan Dutse

Mijina tela ne. Shekara duka yana zaune gaban kekensa a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota ta Dogon Dutsi, ƙafa na aiki, baya a tanƙware. Amma da an gama yankan hatsi an kai damma rumbu, sai wani abu ya shige shi. Shi da abokansa na ƙungiyar waƙa ta majami'a, da wani maƙwabcinmu Musulmi mai gyaran rediyo, sai su haɗa kaya su hau dutsen da ke gabas da gari su kwana can. Ba farauta suke zuwa ba, ba addu'a ba. Shayi suke dafawa, su yi ta ƙaryarsu ta maza, da safe su sauko da ƙarangiya a wando, ni ce mai cirewa.

Ban taɓa raga masa ba. Nakan ce, “Mutum da ɗakinsa da katifarsa, ya tafi ya baje kan tsakuwa kamar ƙadangare! In aljanun dutse suka shafe ka kada ka kira ni.” Sai ya yi dariya ya ce, “Ke dai ba ki gani ba, uwar faɗa.” Bai taɓa cewa in zo ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ina da kaskon ƙosaina, ina da yara, kuma ba a san mace da wannan yawo ba.

A hankali abokan suka ƙare. Mai gyaran rediyo ya rasu. Ɗaya 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa Yamai, wani gwiwa ta zaunar da shi. Shi kuma nawa ciwon suga ya kama shi, ya ci naman jikinsa, ya sauka ƙafa. Tafin ƙafarsa ya daina jin komai, ko ƙaya ya taka sai dai ya ga jini. Lokotoron asibiti ya ja mana kunne, ya ce kada a bari ƙafar nan ta yi rauni, kada kuma ya kwana cikin sanyi. Keken ɗinkin ma ya gagare shi, muka ba wani haya.

A kakar da nake ba da labari, muna cin tuwo da maraice ya ajiye hannu ya ce, “Bana zan hau.”

“Ka hau mi?”

“Dutse. In kwana bisa kamar da.”

“Kai da wa?”

“Ni kaɗai.”

Haba, na tashi da faɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, na ce in mutuwa yake nema ai ta san hanyar gida. Yana dai kallon kwanon, yana juya shi da yatsa ɗaya. Nan na gane ya riga ya yi lissafinsa: ba ya tsammanin zai ga wata kaka da ƙafafunsa biyu, yana so ya kwana kan dutsen nan sau ɗaya kafin a rufe masa hanya. Tsoro ya kama ni. Sai na ce, “To, tare za mu.”

Kayan hawansa kuwa babu ko ɗaya. Babban ɗanmu ya tafi da jakar bayan da bargon lokacin da ya tashi neman kuɗi Aljeriya, takalman kuma sun daɗe da mutuwa. Magani ya cinye abin da muke da shi, ƙosai ne ke riƙe da gidan. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, sai na ƙulle 'yar ribar da na tara a bakin zane muka nufi kasuwa wurin masu gwanjo.

Wanda muka je wurinsa ɗan marigayi mai gyaran rediyo ne, yanzu magidanci ne mai gemu da wando iya ƙauri. A da shi ne ke yi wa ubansa wa'azi a kan hawan nan, wai mutane za su ce wurin doguwa suke zuwa. Amma da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya jawo wa mijina benci ya ce, “Zauna, Baba.” Ya shiga zazzage dila da kansa.

Ranar na ga yadda tela ke sayayya. Ba ya fara tambayar kuɗi. Sai ya ɗauki abu ya auna nauyinsa a hannu, ya juya cikinsa waje ya bi ɗinkin da farce. Takalmi muka fara nema, rufaffe, saboda maganar lokotoro. Da yake ƙafar ba ta ji, hannu yake turawa ciki har ƙarshe yana lalube, ko akwai ƙusa ko wani kauri da zai ci masa yatsa bai sani ba. Ya ture masu sheƙi duka, ya tsaya kan wani tsoho mai launin ƙasa wanda igiyarsa ba iri ɗaya ba ce. Na ce, “Wanga ko da duhun almuru ba a ba da shi sadaka.” Ya ce, “Dubi ƙasansa.” Ƙasan na nan da tsagoginsa, bai cinye ba.

A bargo muka yi rigima. Ni na rungumo wani mai furanni, mai kauri, wanda zai yi mana shekaru a gida. Shi ya zaro wani siriri mai ruwan toka, na ulu, da hudar wuta a gefe. Ya ce wannan ya fi ɗumi, ya fi sauƙin ɗauka, hudar kuma aikin allura ne. Na ce araha ba ta ado, in za a saya a sayi mai daɗewa. Ya dube ni ya ce, a hankali, “Na dare ɗaya ne.” Na saki mai furannin. Sai da na juya baya na yi kamar ina duba wasu riguna.

Sauran ba sai an saya ba. Ruwa, tsohon bidon man gyaɗa, jarkar roba, na wanke da toka. Shimfiɗa, buhunan hatsi biyu ya farke ya haɗa da ɗinkin hannu. Fitila akwai a waya. Abin da ya rage jakar baya ce, mai gwanjon ya sauko da wata mai igiya biyu masu laushi. Mijina ya ja zip ɗin sama da ƙasa, ya shafa ta, ya daɗe bai ajiye ba. Ƙullin zanena kuwa ba zai kai takalmi da bargo da jaka ba, ɗaya sai ta zauna.

Na ce, “A bar ta. Ina da daro, ina da gammo. Kan nan nawa ya ɗauki itace daga daji, ya ɗauki tulu tun ban san ɗaura zane ba.”

Mai gwanjon ya ce, “Inna, dutse fa ba hanyar rijiya ba ce.”

“Kai, rufa mini baki! Ina ɗaukar kaya uwarka na goye da kai.”

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Mijina ya mayar da jakar. Ya san abin da ban sani ba, amma ya san kuma in ya faɗa tafiyar za ta iya rushewa.

Amalanken jakin wani maƙwabci ya kai mu gindin dutsen bayan azahar. Na ɗora daro: bargo, shimfiɗa, bidon ruwa, 'yar tukunyar shayi, dambu a kwano, maganinsa a leda. Shi yana gaba da sanda, cikin tsohon takalmin nan, yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Farkon hanya ba wuya, gangara ce mai tsakuwa da sabara. Har ina yi masa tsiya, ina cewa ashe wannan ne abin da suke dawowa suna nishi a kai. Yakan tsaya ya huta ya nuna mini abu: nan wane ya faɗi, nan suka taɓa ganin zomo. Muryarsa ta dawo irin ta da.

Rana ta yi sanyi muka iso wurin da suke kira wuya. Daga nan dutsen ya miƙe tsaye, ja wur, sai wata tsaga da ake bi da hannu da ƙafa. Ba ta da tsawo. Da a ƙasa take, tsayin katangar gida biyu ne ko sama kaɗan. Kan dutsen na nan bisa, ana ganin ciyawar bakinsa tana kaɗawa.

Nan daro ya nuna mini iyakarsa. Mai kaya a ka ba ta ɗaga ido sama, ba ta sunkuyawa, tsagar kuma tana son duka biyu. Na riƙe daron da hannu ɗaya, na kama dutse da ɗaya, hawan kuma yana bukatar hannuwana biyu. Na ɗan ɗaga kai in ga inda zan sa ƙafa, sai daron ya karkace. Tukunyar shayi ta fice, ta bi gangara tana ƙara har muka daina jin ta. Na sauko na zauna ina huci.

“Ka sani?” na ce.

“Na sani.”

“Shi ne ka yi shiru?”

“Da na faɗa, da yanzu muna gida.”

Na tashi na kwance mayafina, na naɗe bidon da kwanon cikin bargo, na ɗora a baya na ɗaure tamau a ƙirji, na ƙara da ɗankwali a matsayin majanyi. Yadda na goya 'ya'yana haka na goya kayan. Ya dube ni ya fashe da dariya har da tari, ya ce duk shekarun nan suna sayen jaka ashe wauta suke yi. Rabon da in ji wannan dariyar an daɗe.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Na sa shi gaba ina tura shi ta baya. Hannuwansa sun san tsagar, suna zuwa daidai inda ake kamawa. Ƙafar ce ba ta san inda take ba. Sai ya ɗora ta a kan tudu, ya ɗauka ta zauna, ya ba ta nauyi, ta zame. Ya sake, ta zame. Ya sake har gwiwarsa ta goge, jini ya ɓata wandon. Ya sauko ya jingina da dutsen, gumi na zuba, leɓensa ya yi fari.

Na dubi sama, na dube shi. Ciwo ya riga ya cinye shi, bai fi damin hatsi nauyi ba. Na kwance kayan na ajiye, na durƙusa gabansa na ba shi baya.

“Hau.”

“Mi kike yi?”

“Hau in goya ka. Ba kowa nan, daga ni sai kai sai Allah.”

“Tashi.”

“Don girman Allah, maigida, ga shi nan kusa! Ka zo har nan!”

“Na ce ki tashi.” Bai ɗaga murya ba. “Da ƙafata na saba hawa. In ta ƙi, ta ƙi. Ba zan isa can a bayan matata ba.”

Na yi faɗa, na yi magiya, na kira shi mai taurin kai, na ce girman kai ne zai kashe shi ba suga ba. Daga baya na yi kuka sosai, ban ɓoye ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in wanke masa gwiwar kafin duhu ya yi.

A wani ɗan fili ƙarƙashin wuyan muka shimfiɗa buhunan. Muka ci dambu da ruwan sanyi tunda tukunya ta tafi. Na cire masa takalmin na duba ƙafar ko'ina, babu ko ƙwarzane. Bargon ma ya yi aikinsa, bai ji sanyi ba. Na sha so in ɗora laifin a kan daro ko a kan jakar da ba mu saya ba, amma ko da wace jaka muka zo ƙafar ba za ta hau ba.

Da gari ya fara wayewa ya taɓa ni ya ce, “Hau ki gano mini.”

“Ba na so.”

“Hau. Ɗayanmu dai ya isa.”

Na ɗaure zane na kama tsagar. Ba kaya ba kowa, nan da nan na fita, abin har ya ba ni haushi. Kan dutsen shimfiɗaɗɗe ne, iska na kaɗawa. Ga duwatsun murhunsu can baƙi ƙirin. Na matsa baki na duba. Garin duka yana ƙasa, hayaƙin masu koko na tashi tsakanin gidaje, tabki na ɗaukar haske, gonakin da aka yanke sun miƙe da itatuwan gawo har inda ido ya ƙare, wata babbar mota na tafe kan kwalta ba a jin ƙararta. A garin nan aka haife ni, a nan na tsufa, ban taɓa ganinsa ba. Na ji haushinsa da bai kawo ni ba lokacin da yake da ƙafa, na ji tausayinsa har ƙirjina ya yi zafi.

Muryarsa ta taso daga ƙasa. “Kin isa?”

“Na isa.”

“Kin gani?”

Da ƙyar na ce, “Na gani.”

Na leƙa ta bakin tsagar. Yana zaune lulluɓe da bargo, ya ɗaga kai sama, ba ni yake kallo ba, ciyawar bakin dutsen yake kallo. Ya daɗe haka. Sannan ya sunkuya ya fara ɗaure igiyar takalminsa.

“To, sauko mu tafi gida,” ya ce.

Kafin damina ta faɗi aka yanke ƙafar. Kafin a yanke hatsi muka binne shi.