Ranar da Na Tarar da Surukina a Teburin Asibiti

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman Agege, wasu ma kafin shekara ta zagayo na manta da su. Amma akwai guda ɗaya da ba na jin ko tsufa zai iya goge mini shi, wato abin da ya faru tsakanina da asibitin gwamnati na yankinmu ana gab da bikin 'yata ta fari.

A Agege aka haife ni, a nan na yi aure, a nan kuma maigidana ya rasu ya bar ni da yara. Abinci nake sayarwa a wata rumfa kusa da layin dogo: tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake, har da amala saboda maƙwabtanmu Yarabawa. Yawancin masu cin abincina mahauta ne da masu dakon nama da ke tasowa daga mayankar Oko-Oba. Bayan rasuwar maigidana ne aka gwada jinina, aka ce ina ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Yau ina rubuta wannan ba tare da fargaba ba, amma a wancan lokacin, ban da ma'aikatan da ke duba ni, 'yata ce kaɗai ta sani. Ina shan maganina, jikina garau, yaran ma an gwada su ba su da komai. Sai dai na san mutanenmu. Duk bayanin da za ka yi musu cewa ba a ɗaukar wannan ciwo a kwanon tuwo, ranar da labari ya fita ranar rumfata za ta zama kango.

Ana nan sai gwamnati ta mayar da harkar asibiti cikin kwamfuta. Aka ba kowa kati mai lamba, in ka je sai ka miƙa a teburin farko a shigar da kai, sannan ka wuce wurin likita. Ban damu ba, don 'yan teburin ba su san ni ba, ni ma ban san su ba.

A lokacin an riga an sa ranar 'yata da wani yaro mai ladabi da ke sayar da yadi a kasuwar Jankara. Su suka ga juna suka daidaita, mu namu addu'a. Wata safiya na je karɓar magani, ina cikin layi ina lissafin cefanen rana a raina, layi ya iso kaina, na ɗaga ido. Wa zan gani zaune a bayan kwamfuta? Yayan saurayin 'yata, uwa ɗaya uba ɗaya. Magidanci ne mai iyali, shi ne ma ya jagoranci masu zuwa tambayar aure. Ashe an ɗauke shi aiki ne saboda ana neman mai jin Hausa da Yarabanci a teburin.

Ya miƙe tsaye ya rusuna. "Mama, ina kwana? Lafiya dai ko? Kawo katin in shigar da ke, kada ki daɗe a tsaye."

Katin yana cikin tafin hannuna a ƙarƙashin mayafi, na damƙe shi har ya lanƙwashe. Na ce, "A'a, dubiya na zo, ashe ma ba nan aka kwantar da ita ba." Na juya na fita. Har yau ban san yadda aka yi na tsallaka titi na shiga motar haya ta danfo ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. A tunanina, tunda sunana yana cikin na'urar da ke gabansa, ba sai na ba shi kati ba, danna ɗaya zai yi ya karance ni tas. Duk wanda ya zo rumfa ya dube ni sau biyu sai gabana ya faɗi. Mahauta biyu suka yi raɗa suka yi dariya, wataƙila zancen ƙwallo suke yi, ni kuwa na saki ludayi cikin miya. Magani yana ta raguwa, ni kuma na kasa komawa.

'Yata ta lura. Ta same ni ina tuƙa tuwo ta ce, "Umma, in dai sai kin daina shan magani za a yi auren nan, wallahi a fasa. Ni zan je in gaya musu da bakina na fasa."

Na ce ta rufe mini baki, amma da ta juya sai da na share hawaye da bakin zani.

Abin da ya ƙarasa rikita ni shi ne zuwan kawun angon. Babban dillalin shanu ne a Oko-Oba, mutum mai faɗa a ji, kuma bai saba cin abinci a rumfata ba. Ran nan ya zo ya zauna, ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Hajiya, na sha hango ki wajen asibitin can in zan wuce. Jikin ne? Ai yanzu an zama ɗaya, bai kamata a riƙa ɓoye mana ba."

Na ce, "Hawan jini ne, Alhaji, ka san girma ya zo." Ya yi wani murmushi da ban gane kansa ba, ya tafi.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara. Nas ɗin da ke kula da mu a asibiti ce, wata Kirista 'yar Filato mai Hausa da ɗan karin harshensu. Ba ta ambaci asibiti ba, ba ta ambaci magani ba. Cewa ta yi, "Mama, ƙawarki ce mai farin kaya. Kina inda za ki iya magana?" Na koma bayan rumfa. Ta ce wata madam ta zo daga babban ofis tana so ta gan ni, in shigo ta ɓangaren masu awon ciki, za ta tare ni a can. Na ce a raina shi ke nan, ta faru. In ba asiri ne ya tonu ba, me zai sa babban ofis ya nemi mai tuwo?

Madam ɗin Bayarabiya ce, 'yar siririya mai tabarau, ba za ka ce tana riƙe da wani muƙami ba. Ta rufe ƙofa da kanta, ta tambaye ni ko na yarda nas ta zauna ko ta fita. Na ce ta zauna. Da ta ji Yarabancina ya nuna sai ta saki Turanci muka ci gaba da shi. Ta fara da "E ma binu, Alhaja", wato in yi haƙuri. Ta ce aikinta shi ne tsare bayanan duk wanda ya yi rajista a asibitocin da ke ƙarƙashinsu, ta tabbatar ba wanda ya ga abin da bai shafe shi ba.

Sannan ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Wani ma'aikaci a nan ya yi ƙoƙarin buɗe bayanan jinyarki, alhali ba shi da hurumi. Na'urar ta hana shi, ta kuma sanar da ofishina. Bai ga komai ba. Na zo ne in gaya miki da kaina."

Kunnuwana suka yi ɗum. Abin da na ji kawai shi ne an yi ƙoƙarin buɗewa. Na ce, "Na sani. Surukina ne, wanda ke teburin farko."

Ta ce, "Sunan wanda ya yi ba zan ba ki yanzu ba, don ana kan bincike, shi ma yana da haƙƙinsa. Amma ba zan bar ki ki zargi wanda bai yi ba. Ba shi ba ne."

Ta jawo kujerata kusa da tata, ta juyo mini da kwamfutar. Ta ce bari ta nuna mini daidai abin da mai teburin farko yake gani in an miƙa masa kati. Na sa ido sosai, don ina ɗan karatun boko. Sunana ne, da lambar katina, da alamar cewa ina da ganin likita. Ba sunan ciwo, ba sunan magani, ba ma sunan sashen da zan je. Ta danna nan, ta danna can, ko'ina a kulle. Sai ta buɗe wani wuri da ke nuna duk wanda ya taɓa duba bayanaina tun da aka fara tsarin. Likitana ne, da mai ba da magani, da nas ɗin da ke zaune a gefena. Daga su babu kowa.

Ban san lokacin da na ce "Alhamdulillahi" da ƙarfi ba. Na kama kuka kamar yarinya. Nas ta dafa kafaɗata tana cewa, "Mama, ya isa, ya isa, ba abin da ya fita."

Muna cikin haka wayar madam ta yi ƙara. Ta duba, ta nemi izinina, ta ɗauka a tsaye. Daga yadda take amsawa na gane babba ne. Na ji tana cewa, "Oga, na ji, na san ya daɗe a aiki. Amma ba zan goge ba, ba kuma zan ce kuskuren na'ura ne ba." Can aka yi ta magana, ita tana saurare. Ta ƙara da cewa, "In muka rufe wannan, gobe ba mai ba mu gaskiyar ciwonsa. Rahotona zai tafi yadda yake." Ta kashe wayar ta zauna, ta gyara tabarau kamar ba abin da ya faru.

Na ce mata, "Madam, me ya sa kika gaya mini? Da kin yi shiru, har in mutu ba zan sani ba, ke ma kin huta da faɗan manya."

Ta ce, "Alhaja, bayanin naki ne, ba na gwamnati ba. Ajiya kika ba mu. In wani ya taɓa makullin ajiya, ko bai buɗe ba, dole mai kaya ya ji."

Ta ba ni zaɓi: in ina so a mayar da ni wani asibitin, ko nas ta riƙa karɓar katina ta baya. Na auna abin a raina. Na tuna kuɗin mota da wahalar hanya, na kuma tuna abin da idona ya gani yanzu. Na ce a bar ni a nan. Na fita na zagaya ta ƙofar gaba, na shiga layi kamar kowa. Da na iso gaban surukina na miƙa masa katin nan da ya lanƙwashe. Ya miƙar da shi da yatsa, ya shigar, ya ba ni da hannu biyu ya ce, "Mama, ki wuce ciki. Allah Ya ƙara lafiya." Ko ɗaga gira bai yi ba. Ranar na koma gida da maganina, na ci abinci har da ƙari.

Sauran labarin daga bakinsa na ji, ana saura kaɗan biki, da ya zo mu yi maganar rumfunan da za a kafa a layi. Da muka gama ya ƙi tashi, yana ta murza hula. Can ya ce, "Mama, akwai abin da ke damuna. Kwanaki kawu ya matsa mini in duba masa abin da ke kai ki asibiti. Na ce masa ba na gani, kuma ko ina gani amana ce, ba zan faɗa ba. Ya yi fushi ya ce zai nemi wanda ya fi ni. Shi ne na kai maganar ofishin madam, don tun ranar da aka ɗauke mu ta ce duk wanda aka matsa wa ya zo wurinta, ita za ta tsaya masa. Ki yafe mana."

Na dube shi, mutumin da na yi ta gudu, ina tsoron ko inuwarsa. Bai san mene ne ciwona ba, bai tambaya ba, har yau kuma bai taɓa tambaya ba. Na ce, "Allah Ya yi maka albarka, Ya rufa maka asiri duniya da lahira." Ya amsa da amin, ya tashi ya tafi.

Wanda ya yi yunƙurin buɗewar kuwa, da na tambayi nas daga baya, abin da ta ce kawai shi ne an bi ƙa'ida, kuma ba ya wurin yanzu. Ango da amarya suka je gwajin da ake yi kafin aure, sakamako ya fito lafiya lau, suka nuna wa iyaye da kansu. Aka ɗaura aure, aka yi shagali har Yarabawan layinmu suka fi mu rawa. Yanzu jikokina suna yini a rumfa suna hana ni aiki.

Madam ɗin ban sake ganinta ba, ko sunanta ban riƙe ba, amma ina sa ta a addu'a. Da ina ɗauka sirrin talaka a hannun gwamnati ba shi da mai gadi, musamman da aka ce ya shiga na'ura. Abin da na koya shi ne na'ura tana kullewa, amma kullen ba ya tsayawa sai an sami shugaban da zai ƙi buɗewa ko babba ne ya kira, ya kuma tsaya wa na ƙasa da shi in sun ƙi. Tun daga lokacin, duk matar da ta raɗa mini cewa tana tsoron zuwa asibiti don kada a san halin da take ciki, sai in ce ta je, ta tambayi wa ke ganin bayananta, ta ce a nuna mata. Haƙƙinta ne, kuma tsoro bai kai a bar magani saboda shi ba.